Shekara shida muna jiran Chris Froome ya dawo

Waɗanda suka saba ganin sanarwar taro da ta'aziyya da tunin kuɗin wata a wannan shafi su yi mana haƙuri, yau zancen keke muka kawo. Mun san wasu za su ce ina ruwanmu da Turawa masu tuƙa keke a duwatsun Faransa, alhali ga ƙwallo ana bugawa. To, akwai mu 'yan tsiraru a nan Sabo, ba mu cika goma ba, da duk watan Yuli muke taruwa bayan azahar a shagon wani tela ɗan uwanmu mu kalli gasar Tour de France. Sau da yawa sai an fara hawan dutsen ƙarshe ake kiran la'asar, mu tashi muna waiwayen talabijin.

Ranar 27 ga Agustan 2025 Chris Froome ya yi hatsari yana atisaye a kudancin Faransa. Ba mota ce ta buge shi ba, shi kaɗai ya faɗi. Da jirgi mai saukar ungulu aka kai shi asibiti a birnin Toulon. Haƙarƙari biyar sun karye, huhu ɗaya ya sace, ƙashin baya ya samu karaya, kuma da likitoci suka shiga tiyata sai suka tarar jakar da ke lulluɓe da zuciyarsa ma ta yage. Mutumin ya cika shekara 40 a watan Mayun 2025, kwantiraginsa kuma a lokacin yana gab da ƙarewa a ƙarshen shekarar. Da labarin ya shigo zaurenmu na WhatsApp, an jima ba wanda ya ce komai sai addu'ar samun lafiya. Daga baya ne Baba mai gyaran keke, wanda shi ne dattijonmu, ya turo saƙon murya: "Yara, wannan karon dai ku bar shi ya huta." Tun 2019 yake faɗa mana haka, mu kuma muna yi masa musu.

Yadda muka san Froome ma haɗari ne. A Yulin 2013 an tafi hutun ƙwallo, ba abin kallo, tela yana ta canza tasha sai ya tsaya a SuperSport. Muka ga wani dogon siririn Bature da riga mai ruwan ɗorawa, gwiwoyin hannu a buɗe, kai a sunkuye kamar mai neman allura a ƙasa. Tuƙinsa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Amma mai sharhi ya ce a Nairobi aka haife shi a 1985, a Kenya ya koyi keke a hannun wani baƙar fata mai suna David Kinjah, sannan ya yi karatu a Afirka ta Kudu kafin ya koma tuƙa wa Birtaniya. Nan take muka ɗauke shi namu. Abin da ya ƙara ɗaure mu shi ne jin cewa ya yi shekaru yana fama da tsargiya. Wanda ya tashi a karkarar Arewa yana wanka a kududdufi da dam ya san wannan cuta, ya san yadda take tsotse mutum. A ce mai tsargiya ne yake gaban zaratan Turai a kan dutse? Ai shi ke nan, mun samu gwani.

Kuma tarihin farkonsa irin na mai faɗi-tashi ne. A 2006 da kansa ya shiga akwatin imel na hukumar tseren keken Kenya ya rubuta sunansa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Salzburg, yana fita kuma ya yi karo da wani jami'in tsere ya faɗi. A 2010 an kore shi daga gasar Giro ta Italiya saboda ya riƙe babur a kan hawa. Ba wanda ya yi zaton zai zama wani abu sai a 2011, da ya zo na biyu a gasar Vuelta ta Sifaniya da tazarar daƙiƙa 13, kambun da aka dawo masa da shi a 2019 bayan an ƙwace shi daga Juan José Cobo kan laifin ƙwayoyi.

Daga nan sai kakarsa ta yanke saƙa. Ya ci Tour a 2013 da 2015 da 2016 da 2017. Muna zaune a shagon nan ranar 14 ga Yulin 2016 lokacin da cunkoson 'yan kallo ya tsayar da babur ɗin masu ɗaukar hoto a kan dutsen Ventoux, su Froome suka afka masa, kekensa ya lalace, sai ga shi yana gudu da ƙafa da rigar ɗorawa a jiki. Tela ya ajiye almakashi yana ihu, mu kuma dariya har da hawaye. Amma ranar da ba za mu manta ba ita ce 25 ga Mayun 2018 a Giro. Da safiyar ranar yana bayan Simon Yates da fiye da minti uku, saura kwana uku a gama. A kan dutsen Finestre, inda ƙarshen hanyar ba kwalta sai tsakuwa, ya ɓalle shi kaɗai saura kilomita 80, bai ƙara waiwayowa ba. Ya karɓi rigar jagora a ranar, ya ci gasar da daƙiƙa 46 a gaban Tom Dumoulin. A lokacin manyan gasanni ukun duka, na Faransa da Sifaniya da Italiya, suna hannunsa a tare. Rabin wannan zango a waya muka ƙarasa shi domin an ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi.

Ba za mu ɓoye ba, akwai masu ƙinsa da yawa. Faransawa sun sha yi masa ihu a hanya. A 2017 gwaji ya nuna maganin asma na salbutamol ya wuce ƙa'ida a fitsarinsa, aka yi watanni ana shari'a kafin hukumar tseren keke ta duniya ta wanke shi a Yulin 2018. Ko a cikinmu akwai wanda har yau bai gamsu ba. Mun kawo wannan ne don kada a ce son kai ya rufe mana ido.

Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne nasarar Giro ɗin nan ita ce ta ƙarshe. Tun daga ranar har yau bai sake cin ko da zango ɗaya ba.

Zuwa 2025, mutum huɗu ne kawai tarihi ya amince sun ci Tour sau biyar: Jacques Anquetil da Bernard Hinault na Faransa, Eddy Merckx na Beljiyam, da Miguel Indurain na Sifaniya. Froome yana da huɗu, saura ɗaya ya shiga sahunsu. Shirin da yake yi ke nan ranar 12 ga Yunin 2019, a gasar share fage ta Dauphiné. Yana zagayen duba hanya a kusa da garin Roanne, yana gangara da gudun da ya haura kilomita 50 a awa, ya ɗaga hannu ɗaya zai fyace hanci, iska ta kwashi tayar gaba ta maka shi da bangon wani gida. Ƙashin cinyar dama ya karye, da gwiwar hannu, da haƙarƙari, da ƙugu, har da ƙashin wuya. Fyace majina fa, jama'a. Wata guda bayan haka abokin tuƙinsa Egan Bernal ɗan Kolambiya, yaro ɗan shekara 22, ya ci Tour ɗin da aka shirya domin Froome.

Daga wannan rana muka shiga jira. Kowace shekara muna da dalili. A 2020 muka ce ƙafar ba ta gama warkewa ba, shi ya sa ƙungiyarsa ta Ineos ba ta kai shi Tour ba, shi ya sa ya ƙare na 98 a Vuelta. A 2021 ya koma ƙungiyar Israel Start-Up Nation da kwantiragin shekara biyar, jaridu suna ruwaito albashin da ya kai yuro miliyan biyar a shekara. Biyu daga cikinmu sun daina goyon bayansa saboda sunan ƙungiyar, wannan kuma zance ne na wata rana. Sauranmu muka ce sabon gida ne, a ba shi lokaci. Ya ƙare Tour ɗin shekarar a matsayi na 133, fiye da awa huɗu a bayan Tadej Pogačar. Awa huɗu! Mutumin da a da ake lissafa tazararsa da daƙiƙoƙi.

Sau ɗaya tak aka ba mu abin riƙewa. Ranar 14 ga Yulin 2022 ya shiga cikin waɗanda suka ɓalle tun da wuri, ya hau dutsen Alpe d'Huez mai kwana 21, ya zo na uku a bayan Tom Pidcock da Louis Meintjes ɗan Afirka ta Kudu. Ranar tela bai karɓi kuɗin lemo a hannun kowa ba. Muka ce ga shi nan ya dawo. Kwanaki kaɗan cutar korona ta fitar da shi daga gasar. Ya je Vuelta a shekarar ya ƙare can baya, kuma tun daga nan bai sake shiga wata gasar mako uku ba. A 2023 ƙungiyarsa ta bar shi a gida, mai ƙungiyar Sylvan Adams ya fito fili ya ce kuɗin da ake biyansa ba su haifar da ɗa mai ido ba. A 2024 da 2025 ma ba a kai shi ba. Shi kuma yana ta kawo nasa dalilan, yau birkin zamani bai yi masa ba, gobe an gano zaman sirdinsa ya bambanta da na da. Muna jin su muna gyaɗa kai, domin muna so su zama gaskiya.

Baba mai gyaran keke ne kaɗai bai taɓa gyaɗa kai ba. Shi ya yi shekaru yana kai kaya kasuwa a kan Raleigh kafin ya zauna gyara, kuma abin da yake cewa kullum shi ne hawan tudu ba ya ƙarya. "Ku tambayi duk wanda ya taɓa taka feda a hawan Mokola da buhu a baya," in ji shi. "Ranar farko kowa jarumi ne. A tambaye shi a rana ta goma." Da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga maganar Baba ita ce dukan sirrin gasar mako uku.

Tour zango 21 ne cikin kwana 23, hutu biyu kacal. Nisan yana kai kilomita 3,300 zuwa 3,500, wato kamar Ibadan zuwa Kano sau uku da 'yan kai, kuma ba a miƙaƙƙiyar hanya ba. Ba wanda ya fi ƙarfi a rana ɗaya ake nema ba, ana neman wanda jikinsa zai warke cikin dare ɗaya ya tashi gobe kamar bai yi komai jiya ba. Wannan warkewa ta cikin dare ita ce abu na farko da shekaru suke ɗaukewa. Mu da muka haura arba'in mun san haka ba sai an karanta mana ba: a da mu kwana a motar Kano mu sauka mu buɗe shago, yanzu sai mun yi kwana biyu muna jinyar baya. Sannan a kan dutse lissafin ɗaya ne, ƙarfin da ƙafa take bayarwa a raba shi da nauyin jiki. Idan ƙafa ɗaya ta taɓa karyewa aka ɗaure ta da ƙarfe, ko kaɗan ta rage ƙarfi, wannan kaɗan ɗin shi ne minti biyu ko uku a kowane dutse. A tara su mako uku a gani.

Ga shi kuma wasan bai tsaya jiransa ba. A zamanin Froome ƙungiyar Sky takan jera mutanenta a gaba su ja tawaga da gudu ɗaya har kowa ya gaji, sannan shi ya ƙarasa a 'yan kilomitocin ƙarshe. Yaran yanzu ba sa jira. Pogačar ya ci Tour ɗinsa na farko a 2020 yana ɗan shekara 21, shi da Jonas Vingegaard na Denmak su ne suka raba duk gasannin tun daga lokacin har zuwa 2025. Hatta cin abinci ya canza: a da ana yabon ramewa da ƙwauron ciki, yanzu ɗan tsere yana zuba giram ɗari ko fiye na sukari da sitaci a cikinsa duk awa yana kan keke. Gasannin da Froome ya ci, matsakaicin gudunsu tsakanin kilomita 39 ne da 41 a awa. Na 2025 ya kusa 43. Ko da bango bai tare shi a Roanne ba, da wuya ya riƙe ƙafar waɗannan yara. Kuma a Yulin 2025 Pogačar ya ci na huɗu yana ɗan shekara 26, ya kamo shi. Na biyar ɗin da muka yi shekara shida muna ajiye wa Froome, ga alama wani ne zai ɗauka.

Sannan kowace ƙungiya mutum takwas take kaiwa Tour. Kujera ɗaya da aka ba tsohon zakara don girmamawa, an hana wani yaro ne da ya yi shekara yana shiri. Wannan shi ne abin da muka fi jin nauyin amincewa da shi, domin mun daɗe muna zagin shugabannin ƙungiyarsa da rashin kunya. Da mu ne a kujerarsu, da wuya mu yi dabam.

Tela har yanzu bai sallama ba, kuma yana da hujjojinsa. Yakan kawo Chris Horner da ya ci Vuelta a 2013 yana da shekara 41. Yakan kawo Alejandro Valverde da ya yi tsere har shekara 42. Ya fi son kawo Mark Cavendish, wanda ciwo ya kwantar, aka bar shi a gida a 2019 da 2020, kowa ya ce ya ƙare, sai ga shi ranar 3 ga Yulin 2024 ya ci zango na 35 yana da shekara 39, ya karya tarihin Merckx. Amsar da muke ba shi ita ce Cavendish mai gudun ƙarshe ne, aikinsa ya ɓuya a cikin tawaga ya fito a mita 200 na ƙarshe, a kan duwatsu kuma ya lallaɓa kada lokaci ya rufe da shi. Mai neman rigar ɗorawa ba shi da wurin ɓuya ko na kwana ɗaya. Wanda ya fi kowa tsufa da ya taɓa cin Tour shi ne Firmin Lambot, a 1922, kuma shekararsa 36. Sama da shekara ɗari ba wanda ya wuce shi.

"Sakatare, to me kake so ya yi?" in ji tela ranar da muka yi wannan gardama. "Ya ajiye kuɗin da aka rubuta masa ya tafi gida?" A nan kam mun ba shi gaskiya. Ba Froome ya tilasta wa kowa ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar da mutumin da ya karye a cinya yana da shekara 35 ba. Wanda ya saya da idonsa a buɗe ba ya kuka da tsada. Kuma ba mu taɓa jin an ce ya yi lalaci a atisaye ba, hatsarin Agustan 2025 ma a bakin aiki ya same shi. Masu yi masa ba'a a intanet, yawancinsu ba su taɓa koyon tafiya sau biyu a rayuwa ba. Shi ya koya, ya sake hawa keke, ya gama Tour. Wanda ya saba a buɗe masa hanya ya yarda ya koma mai ɗauko wa yara gorar ruwa daga mota, ana nuna shi a talabijin yana zamewa baya a dutsen da ya taɓa mallaka, bai fasa gaisawa da 'yan jarida da fara'a ba. Mu dai ba mu ga abin dariya a nan ba.

Inda muka yi kuskure shi ne a jiran. Froome ɗin da muke jira ya tsaya a bangon Roanne tun 2019, wanda ya tashi daga gadon asibiti wani ɗan tsere ne dabam, mai matsakaicin ƙarfi da babban suna. Mun ƙi ganin haka ne saboda sa'anmu ne. Lokacin da ya fara ci muna da ƙarfinmu, yaranmu suna firamare. Yanzu wasunmu sun fara riƙe waya nesa da ido kafin su karanta saƙo, samarin unguwa sun fara ce mana Baba. Duk shekarar da aka ce Froome zai dawo, a ranmu kamar an ce mu ma da sauranmu.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne abin da ya faru kwanaki kaɗan bayan hatsarin. Geraint Thomas, tsohon abokin tuƙinsa wanda ya ci Tour a 2018 lokacin da Froome ya zo na uku, ya yi tserensa na ƙarshe a farkon Satumba. Tun farkon shekara ya sanar zai ajiye. Gasar Birtaniya ta ƙare a Cardiff, garin haihuwarsa, mutanensa suka cika titi suna yi masa ban kwana, ya sauka daga keke da ƙafarsa yana da shekara 39. A wannan makon Froome yana jinyar tiyata. Mutum biyu da suka taso ƙungiya ɗaya, tun daga Barloworld har Sky. Irin wannan sallama muka so wa gwaninmu, ko da a ƙaramar gasa ce, ko da zai zo na ƙarshe.

Ra'ayinmu, in an tambaye mu: zancen manyan gasanni uku ya ƙare masa, kuma bai kamata wata ƙungiya ta yaudare shi da alkawarin Tour ɗin ban kwana ba. Yana da mata da 'ya'ya, jikin nan kuma an ɗinke shi iya ɗinkewa. Ya sha faɗin burinsa na taimaka wa yaran Afirka masu tasowa a wannan wasa, kuma ƙofar a buɗe take fiye da kowane lokaci. Ranar 1 ga Yulin 2024 Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango a birnin Turin, baƙar fatar Afirka na farko da ya yi haka a Tour, ya ƙara biyu a kai, ya tafi gida da koriyar riga. Ranar shagon tela bai ɗauke mu ba, har samarin da ke mana dariya a da sun leƙo.

Hoton Froome yana gudu da ƙafa a Ventoux har yanzu yana manne a bangon shagon, sama da keken ɗinki, rana ta sa ya koɗe. Makon jiya ɗan tela ya bugo hoton Girmay ya kawo zai maye gurbinsa. Uban ya ce a manna shi a gefe, kada a taɓa na farkon. Baba mai gyaran keke yana zaune a benci yana jin su, bai ce uffan ba.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti. Duk mai son kallo tare da mu a Yuli mai zuwa, in Allah Ya kai mu, benci yana da sauran wuri, sai dai a zo da kuɗin man janareta.